Kawu, ba dukiya muke haƙa ba

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da ya dame ka. Ka ga hoton jikokinka durƙushe a gindin dutse cikin dajin New Mexico, sai ka tambaya ko zinariya muke haƙa, ko kuwa wata sabuwar caca ce ta shigo mana. Ko ɗaya babu, wasa ne da ake kira Geocaching. Tono ma haramun ne a dokar wasan, ba a yarda a binne komai a ƙasa ba.

Ga yadda abin yake. Wani zai ɓoye ɗan akwati a kogon itace ko tsakanin duwatsu, ya sa ƙaramin littafi a ciki, ya rubuta lambobin wurin a manhajar Geocaching. Mu kuma mu bi da GPS ɗin waya har mu gano shi, mu rubuta suna da kwanan wata, mu mayar yadda muka same shi. In yaro ya ɗauki ɗan abin wasa daga ciki, dole ya ajiye wani a madadinsa. Kwabo ba ya shiga, kwabo ba ya fita. Wasan ya fara ne a watan Mayun 2000 a jihar Oregon, bayan gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS.

Mu Hausawan Albuquerque gidaje kaɗan ne, kuma hanya guda muka zaɓa muke bi, ta wani tsohon ayari. A 1853 majalisar Amurka ta ware dala 150,000 domin a auna inda jirgin ƙasa zai ratsa ya kai Tekun Fasifik. Cikin ayarin da aka tura akwai na wani hafsan soja, Amiel Whipple. Ya tashi daga garin Fort Smith na jihar Arkansas a watan Yulin 1853, ya bi gaɓar kogin Canadian, ya yada zango a garin nan namu, ya wuce garin 'yan asali na Zuni, ya haye kogin Colorado, sai a watan Maris na 1854 ya isa Los Angeles. Wata takwas ke nan, da alfadarai da kekunan kaya, tare da mai zane da masanin tsirrai da masanin duwatsu. Layin dogo na farko da ya haɗa gabas da yamma a 1869 bai bi ta nan ba, can arewa ya bi. Amma daga baya an shimfiɗa dogo a sawunsa, kuma babbar hanyar mota ta yau kusan a kansa take.

Asabar ɗaya a wata, bayan sallar asuba, sai mu cika motoci biyu ko uku. Mata su soya ƙosai, a dama kunu a zuba a fulas, mu nufi gabas wajen dutsen Tucumcari, ko yamma ta hanyar Gallup. In azahar ta yi, mu shimfiɗa darduma a fili, wayar da ta kai mu akwatin ita za ta nuna mana alƙibla.

Dalilin da ya sa na riƙe abin da muhimmanci, Kawu, yaran nan ne. A gida kowa na ɗakinsa, ka yi masa Hausa ya amsa da Turanci. A daji kuwa mun kafa sharaɗi: wanda ke riƙe da waya da Hausa zai ja ayari. Gabas, yamma, taku ashirin, bayan ƙaya, ƙarƙashin dutse. Autata a can ta koyi bambancin kudu da arewa, kuma a can na fara ba ta labarin fataken da ke kai kanwa Gwanja su dawo da goro, yadda madugu yake sanin kowace rijiya da kowane zango. Da ta ga nisan dajin da idonta, ta yi shiru ta saurara.

Muna kuma gaya musu cewa Whipple bai tarar da ƙasar nan babu kowa ba. Mutanen Zuni da Mojave ne suka yi masa ja-gora, kuma dogon da ya biyo baya ya ci ƙasar 'yan asali da yawa. Don haka ba ma taka yankin wata ƙabila ko gonar wani sai da izini, ko da wayar ta nuna hanyar ta fi kusa ta can.

Ka gaida Inna da mutanen gida. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi yamma har cikin Arizona, zan sa yaran su aiko maka da muryarsu daga can.