Kafin ka bar manhaja ta riƙa yi maka sayayya

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Wadata a Yamai ya aiko da tambaya: "Ina hayar saba (kwamfutar da ake ɗora shafukan intanet a kanta) a wurin kamfanonin Turai, ina ɗora wa makarantun kuɗi, ƙungiyoyi da ƴan kasuwa shafukansu na intanet. Duk oda da hannu nake yi. Wani matashi mai rubuta manhaja ya ce in biya shi ya haɗa ni da API na kamfanin, komai ya riƙa tafiya da kansa. Kuɗina za su fito kuwa?"

Malam, za su fito, amma kada ka fara ta inda yaron yake so ka fara.

API hanya ce da manhajarka za ta riƙa magana kai tsaye da kwamfutocin kamfanin, ba sai ka zauna kana danna maɓallai ba. Ta nan za ta iya sayen saba, ta kashe ta, ta kunna, ta sake ɗora mata tsarin aiki, har ta goge ta ɗungum. Hetzner na Jamus, OVHcloud na Faransa da DigitalOcean na Amurka duk suna da ita, kuma ba a biyan ko dala don amfani da ita, abin da ka saya kawai za a caje ka.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. Mutanenka suna turo kuɗi ta Airtel Money, ta Nita ko Amana, wani ma ya aiko yaro da su a ambulan. Kamfanin kuwa daga katinka na banki yake cira. API ɗinsa ba ta san ko kuɗin makarantar nan sun shigo hannunka ba. Da zarar an ce ta saya, ta saya. Idan mai rubuta manhajar ya yi ɗan kuskure a rubutunsa, ko intanet ta katse ana tsakiyar oda manhajar ta sake turawa, sai ka wayi gari da saba biyu maimakon ɗaya. Manyan sabobin da ake ba mutum shi kaɗai kuma sau da yawa akwai kuɗin kafawa da ake biya tun farko. Ga wani tarkon da mutane da yawa ba su sani ba: a Hetzner, sabar da ka kashe amma ba ka goge ba, kuɗinta na nan suna hawa.

Don haka ni dai shawarata, saye ya tsaya a hannunka tukuna. Manhajar ta shirya odar tsaf, ta jira. Kai kuma sai ka ga saƙon kuɗi a wayarka, sannan ka danna amincewa. Aikin minti ɗaya ne. Ka kuma sa yaron ya gwada a gabanka: a Robot, tsarin Hetzner na odar manyan sabobi, ana iya tura oda ta gwaji wadda ba za a zartar ba. Idan bai san da wannan ba, ka sake tunani a kansa.

Aikin da zai fi dawo maka da kuɗi ba shi da armashi ko kaɗan. Ka ƙirƙiri makullin API (lambar sirrin da ke ba manhaja izinin shiga asusunka) mai karatu kawai, wanda ba ya saye ba ya gogewa, manhajar ta riƙa fito maka da jerin sabobinka, wa ke kan kowace, da ranar da hayarsa za ta ƙare, ta tuna wa wanda kake bi bashi kafin lokaci. A sana'arku asara ta fi zuwa ta wajen wanda ya daina biya tun watannin baya kai kuma kana ta biya masa. Bayan wannan sai ajiye kwafin shafuka a wani kamfani daban, kowane dare. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa a watan Maris na 2021 ta raba mutane da shafukansu har abada, saboda kwafin nasu ma a can yake.

Wajen zaɓen kamfani, ka tuna sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Sabar yuro 10 tana kama maka wajen jika shida da rabi kowane wata, ban da ladan banki, don haka kana iya yanka wa makaranta farashin shekara hankali kwance. Mai caji da dalar Amurka ba ya ba ka wannan natsuwar.

Shi kuma yaron, ku yi a rubuce. Makullin daga asusunka za ka ƙirƙira shi da kanka, kada ka ba shi kalmar sirrinka, kuma ranar da ya gama ka soke shi ka yi sabo. Ya miƙa maka rubutun manhajar gaba ɗaya, biya kuma kashi-kashi, kowane kashi bayan ka ga aiki. Kafin ka sa hannu ma, tambaye shi dalilin da ya sa ba za ku ɗauki WHMCS ba, manhajar da masu irin sana'arka suka daɗe suna haya don lissafi da oda. Ka kwatanta kuɗin hayarta na shekara biyu da abin da ya nema.