Tambaya da Amsa: Maƙwabciyata Kirista ta yi rashin miji, me zan ce mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Mijin maƙwabciyata ne ya rasu ranar Talata a hatsarin mota, su Kiristoci ne 'yan cocin ECWA, shekara 9 muna katanga ɗaya da su, ko Sallah ko Kirsimeti kwanonmu na shiga gidan juna. To wallahi tun ranar na kasa shiga, ban san me zan ce ba, ina tsoron in ce Allah ya jiƙansa ya zamana na saɓa wa addinina ko kuma in faɗi abin da zai ɓata mata rai. Kuma har yau yana mutuware, shi ne na ce bari in jira a binne shi tukun. Na yi daidai? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ba ki yi daidai ba, in kin gama karanta wannan ki ɗauki mayafinki ki shiga yau ɗin nan.

Na gane inda lissafin ya ruɗe miki. Mu mun saba mutum ya cika da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa, sai a dawo a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa kwana uku. Su kuwa gawa kan yi sati ɗaya ko biyu a mutuware, wani lokacin ma fiye, ana jiran 'ya'ya da dangi su iso ana tsara rana da fasto, sau da yawa kuma ƙauyensu za a kai shi. Kin ga kenan duk kwanakin nan da kike jira ita tana cikin mafi zafin lokacin, mijinta ba ya gida kuma ba ya kabari, kullum da safe sabon abu yake zame mata, kuma ina tabbatar miki ta lura ba ki leƙo ba.

Maganar abin da za ki ce kuwa, ai Hausa ɗaya ce. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Allah suke cewa a cocinsu kamar yadda kike cewa. Sannu da rashi, ya haƙuri, Allah ya ba ki dangana, Allah ya raya abin da ya bari, duk waɗannan addu'a ce ga masu rai, babu wadda za ta yi mata baƙo. Akwai kuma wadda su suka fi yi wa juna, "Allah ya ta'azantar da ku", wato ya sanyaya muku zuciya, in ta ji ta daga bakinki za ta san kin damu da ita.

Tsoronki kan Allah ya jiƙansa yana da tushe, malamai sun hana nema wa wanda ya rasu ba Musulmi ba gafara, suna kafa hujja da aya ta 113 a Suratut Tauba. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne 'yan ECWA da COCIN da makamantansu su ma ba sa yi wa mamaci addu'ar neman gafara, Katolika ne ke yi wa matattu addu'a, don haka ba wanda zai zauna yana jiran wannan kalmar daga gare ki. Ita ta'aziyyar kanta malamai da yawa sun halatta ta, balle ga maƙwabci. Ki tuna hadisin Bukhari da Muslim, an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne?

Don Allah ban da wa'azi a wajen, ban da irin "da ma ya musulunta" da wasu ke sakin baki su faɗa, kar kuma ki sa ta maimaita miki yadda hatsarin ya faru. In ta yi kuka ki bar ta ta yi. Za ki iya tarar da matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinsu, sun cika tsakar gidan suna waƙoƙi har da kiɗa, musamman daren da za a wayi gari a yi jana'iza, kar ki ɗauka rashin damuwa ne, haka suke ƙarfafa juna da begensu na tashin matattu. Ki nemi gefe ki zauna, ba wanda zai ce sai kin yi waƙa. Zuwa coci ranar jana'izar kuma wannan ki tambayi malaminki, gaisuwar gida ta isar miki.

Kar ki je hannu rabbana. Kuɗin mutuware da akwati da motar ɗaukar gawa da ciyar da baƙi suna cin mutanen nan sosai, ki kai kular abinci ko ledar fiyawata ko ɗan abin da ya samu a ambulan, ki kuma ce yaran su riƙa zuwa wajenki cin abinci. Lokacin da mahaifina ya rasu abokan aikina Kiristoci sun zo da ɗankwalinsu suka zauna da mu a tabarma har la'asar, na manta me suka ce amma har yau ina iya nuna miki inda kowacce ta zauna.

Bayan an binne shi dangi za su watse, kanofi da kujerun haya a kwashe, gidan ya yi tsit. Ke ce a bayan katanga, ki riƙa leƙa ta da magariba ko da minti biyar ne. Ki rubuto min yadda kuka yi.