Kalanag na Jamus da butarsa da ruwanta ba ya ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji labarin wani Bajamushe ɗan dabo mai suna Kalanag. An ce yakan juye ruwan wata ƙaramar buta tas a gaban jama'a, an jima ya sake ɗaukarta ruwa ya zubo, kuma yana sa mace ta tashi sama ba abin da ke riƙe da ita. Wane ne shi, kuma aiki yake yi da aljanu ko kuwa rufa ido ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Babu aljani ko ɗaya a cikin aikin mutumin nan. Ƙira ce ta maƙera, da lissafi, da sanin inda idon ɗan kallo yake sauka.

Sunansa na yanka Helmut Schreiber. An haife shi ran 23 ga Janairu 1903 a Fornsbach, wani ƙauye a kudancin Jamus. Laƙabin Kalanag daga Indiyanci ya fito, ma'anarsa baƙin maciji, kuma masu kallon finafinan Indiya ba za su rasa gane kalmar nag ba. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar 'yan dabo ta Jamus, Magischer Zirkel, wadda aka kafa a Hamburg a 1912, daga baya ya zama editan mujallarta. Amma a shekarun nan ba dabo ke ciyar da shi ba, harkar fim ce. Ya yi aiki da kamfanin Tobis a Berlin, sannan ya zama babba a sashen shirya finafinai na kamfanin Bavaria a Munich.

Akwai ɓangaren rayuwarsa da bai kamata a tsallake ba. Ya shugabanci ƙungiyar daga 1936 zuwa 1945, wato a tsakiyar mulkin 'yan Nazi. Ya shiga jam'iyyarsu, ya yi wa Hitler wasa a gidansa na Obersalzberg, kuma a zamanin da yake da faɗa a ji aka fitar da Yahudawa daga ƙungiyar, mutanen da wasunsu abokan sana'arsa ne na shekaru. Wannan tabo ne babba, kuma gwanintarsa ba ta wanke shi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, zaman Munich da ke hannun Amurkawa ya yi masa zafi, sai ya koma Hamburg, yankin da Ingila ke riƙe da shi. A can ne a 1947 ya fito da babban wasansa mai suna Simsalabim tare da matarsa, wadda ake kira Gloria de Vos a dandamali. Cikin shekarun 1950 ya zaga Turai da nahiyar Amurka da tawaga mai mutane da yawa, da makaɗa, da 'yan rawa, har mota yake ɓatarwa a gaban jama'a.

To, mu zo kan buta, wadda ya sa wa suna ruwan Indiya. Irin wannan mazubi tsohon kayan aiki ne, 'yan sana'a suna kiransa lota. Bango biyu gare shi, kamar an saka ƙaramin kofi a cikin tulu an liƙe bakunansu wuri guda. Tsakanin bangon ciki da na waje akwai fili, nan ne ma'ajiyar ruwa. Huda biyu ce ke yin aikin duka: ɗaya a gindin kofin ciki, ɗaya ƙarama a wajen wuya, daidai inda babban yatsa ke sauka idan an riƙe.

Ana cika ta ne a hankali, hudar wuya a buɗe, har sai kumfa ta daina fitowa. In an zo tsiyaya, sai a danne hudar wuyan da yatsa. Tunda iska ba ta samu hanyar shiga ma'ajiya ba, ruwan cikinta ba zai motsa ba, na kofin ciki kaɗai zai zube, ko da an kifa butar. Da an ajiye ta an ɗage yatsa, iska ta shiga, ruwa ya biyo hudar gindi ya hau cikin kofin har tsayinsu ya daidaita. Duk wanda ya taɓa toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa ya ɗaga shi da lemon a ciki ya riga ya san wannan ka'ida.

Sai dai ruwan raguwa yake yi. A ce butar na cin lita 2, kofin ciki kuma yana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu. Zubin farko rabin lita ne, na biyu mililita 375, na uku kamar 280, na huɗu wajen 210. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Gwani yakan rage saurin tsiyaya, ya ɗaga hannu sama don zaren ruwan ya yi tsawo ya yi ƙara, ya kuma zuba a bokitin da ba a ganin cikinsa, don kada kowa ya auna. Kalanag bai yi zubin a jere ba. Yakan rarraba shi cikin wasan gaba ɗaya, ya yi wani abin al'ajabi, ya dawo kan buta, ya tafi, ya sake dawowa. Tazarar tana ba ruwa lokacin hawa, tana kuma sa ɗan kallo ya manta yawan zubin baya, har ya koma gida yana rantsuwa ya ga ruwan da ya fi butar sau goma.

Abubuwan da ke tona asiri sanannu ne. Idan yatsa bai rufe hudar sosai ba, ruwa zai ci gaba da ɗiga bayan an ce ya ƙare. Hudar gindi in ta yi faɗi, sai ka ji ƙarar ɓul-ɓul daga butar da aka ce babu komai a cikinta, in kuma ta yi ƙanƙanta ko tsatsa ta toshe ta, a ɗauko a tsiyaya a samu ɗigo biyu. Sannan ba a miƙa ta ga ɗan kallo, domin nauyinta kaɗai ya isa ya fallasa ta.

Tashin mace sama kuwa, hanyar da aka fi sani a sana'ar ita ce a kwantar da ita a kan siririn allo da rigarta ta rufe, sandar ƙarfe ta fito daga bayan labule ta riƙe allon, injin ɗagawa yana can baya. Mai wasan yana tsayawa ne daidai gaban sandar. An lanƙwasa ƙarfen kamar wuyan agwagwa, shi ya sa zoben da ake zurawa don nuna babu igiya yake iya bin jikinta har sau biyu ba tare da ya ci karo da komai ba. Haske in ya faɗa kan ƙarfen, ko aka zaunar da mutane can gefe sosai, aiki ya ɓaci, don haka ake auna kujeru da fitilu kafin a buɗe ƙofa.

Da talabijin ta shiga gidaje, kasuwar manyan wasanni irin nasa ta fara ja da baya. Ya karɓi shugabancin sashen nishaɗi a wata sabuwar tashar talabijin da gwamnatin Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a lokacin, ta so kafawa, amma kotun tsarin mulki ta soke shirin a 1961. Ya rasu ran 24 ga Disamba 1963 a Gaildorf, ba nisa da ƙauyen da aka haife shi, yana da shekara 60.