Amsa ga ƙanenmu mai neman littafin sunayen itatuwa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena da ka yi tambaya daren jiya, kana neman littafin da ya jera sunayen itatuwanmu na Hausa tare da na kimiyya, saboda malaminka ya dawo maka da babi guda cike da jan biro wai sunayen ba su dace ba, wallahi ina karantawa na ji kamar ni na rubuta. Na so in bar wa manya su amsa, amma na ga har an yi sallar asuba ba wanda ya tanka maka sai masu cewa "Allah ya ba da sa'a".

Ni kalgo ne ya kayar da ni. Kalgo fa, wanda tun muna yara muke yanko ɓawonsa mu ɗaure itace. Na buɗe littafi na ga an rubuta kalgo, a gabansa Piliostigma thonningii, na kwafe hankalina kwance. Ranar kare aiki sai baƙon malamin da aka gayyato ya ɗauki busasshen ganyen da na manna a takarda, ya juya bayansa, ya miƙo mini ya ce in shafa da yatsa. Na shafa. Ya ce me na ji? Na ce sumul. Ya ce to ina gashin? Ashe kalgo biyu ne a wajen masu ilimin tsirrai. Thonningii bayan ganyensa da kwafsarsa suna da gashi-gashi mai ruwan tsatsa, kuma ya fi son inda ruwa ya wadata. Namu na can arewa inda na yi aikin, mai santsin baya, reticulatum ne. Bahaushe kuwa duk kalgo yake ce musu. Ɗakin nan cike da ƙannena, ina tsaye da ganye a hannu gumi na bin bayana. Shi dai baƙon bai ci mini mutunci ba, Allah ya saka masa. Wanda ya duba aikin nan wata da watanni bai ga kuskuren ba, shi ne ya fi kowa dariya.

To ga abin da na sani game da littattafan. Wanda kowa zai fara ambata maka shi ne A Hausa Botanical Vocabulary na Dalziel, wanda ya fito a 1916. Likita ne Bature da ya yi aiki a Arewa farkon zuwan Turawa, ya riƙa tambayar mutane yana tara ganye. Kana ganin hano, ararraɓi, da ake kira Boswellia dalzielii, to sunansa aka sa masa. Ƙaramin littafi ne, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Sai dai ka kula, rubutun Hausar wancan zamani ne. In kana neman ceɗiya ka duba wajen "ch", haka maɗaci za ka gan shi da "chi" a ƙarshe. Na taɓa ɓata yini guda ina cewa babu ceɗiya a ciki. Sunayen kimiyyar da ke cikinsa kuma da yawa sun tsufa, kuma ina kyautata zaton jan biron malaminka daga nan ya samo asali. Kaɗanya da aka daɗe ana rubutawa Butyrospermum parkii yanzu Vitellaria paradoxa ce. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Ɗorawa akwai littattafan da za ka ga Parkia clappertoniana, yau kuwa biglobosa ake rubutawa. Su bagaruwa da dakwara ma an fitar da su daga Acacia, rigimar da aka yi a taron masana tsirrai na duniya na 2005 aka sake tabbatarwa a 2011, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, dakwara ta zama Senegalia senegal. Wasu malaman har gobe ba su yarda ba, don haka ka tambayi naka wanne yake so tun kafin ka buga. In ya ce sabo, ka sa tsohon a gefe. Shafin intanet na Kew, cibiyar binciken tsirrai ta Ingila, zai nuna maka sunan da ake amfani da shi yanzu.

Shi Dalziel ɗin ya kuma fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, wanda Burkill ya faɗaɗa ya zama mujalladi shida tsakanin 1985 da 2004. Wannan shi ne rumbun, har da amfanin kowane itace da sunayensa na Hausa da Fulatanci da Barbarci. Amma bisa dangin tsirrai aka jera shi, in ba ka san dangin ba sai ka fara da mujalladi na shida mai fihirisa. Trees of Nigeria na Keay, na 1989, shi ke koya maka rarrabe itace da itace ta ganye da fure da 'ya'ya.

Keay ɗin nan da na ambata, raina ya sake ɓaci. Ku yi mini haƙuri 'yan zaure, na san wasunku sun ji labarin nan ya fi sau uku.

Bayan kunyar kalgo na yi rantsuwa ba zan ƙara rubuta sunan itacen da ban taɓa da hannuna ba. Na sayi babban littafin rubutu mai bangon kwali. Shekara shida duk inda aiki ya kai ni ina tare da shi. Mafarauta, makiyaya, wanzamai, masassaƙan turmi, tsofaffi mata masu kasa sassaƙe da saiwoyi ranar kasuwa, duk na durƙusa a gabansu. Goro da kuɗin shayi daga aljihuna, man babur daga aljihuna. Akwai wani tsoho da ya ja ni tafiyar kusan awa biyu a ƙasa don ya nuna mini madobiya guda ɗaya da ta rage a yankinsu. Kowane shafi akwai sunan itace, garin da na ji sunan, wanda ya faɗa mini, da abin da Keay ya ce. Rannan wani na gaba da ni a wurin aiki ya shigo ya ga littafin a kan tebur, ya jujjuya, ya ce, "Kai, ashe kana da wannan? Ara mini na mako guda, haɗa da Keay ɗinka." Ya za ka yi da wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka? Na ce to ranka ya daɗe. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. In na tambaya ya ce yana gida, in na je gida a ce yana ofis. Daga baya har ya fara ɗaure fuska in mun haɗu, kamar ni na ci bashinsa. Ranar da na ga ƙaramin littafi an buga da sunansa a bango, ina buɗewa na gane jerin nawa ne, don har kuskurena ya kwafe. Akwai inda na rubuta taura a matsayin Detarium senegalense da fensir, na sa alamar tambaya da niyyar in gyara zuwa microcarpum, wadda ita ce ta dajinmu. Ya share alamar tambayar ya buga haka nan. Ko a shafin godiya babu sunana, balle na tsohon nan mai madobiya, wanda ya rasu bai san an yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kai ƙara? Wajen wa? Mai ɗakina ta ce in bar shi da Allah, na bar shi, amma har yau in na gan shi a wajen ɗaurin aure sai na ji abinci ya fita raina. Keay ɗin ma bai dawo ba, kwafi nake amfani da shi yanzu.

Saboda haka ƙanena, duk abin da ka rubuta a daji ka ɗauki hotonsa da waya a ranar, ka tura wa kanka. Mai son aro ka ba shi hoto.

Na manta ban ce maka ba, tunda ka ce wajen iyaka kake aikin, littattafan Faransanci za su fi yi maka amfani fiye da yadda kake zato. Na Arbonnier a kan itatuwan busassun yankunan Afirka ta Yamma yana da hotuna masu launi, ɓawo da ganye da fure, kuma an fassara shi zuwa Turanci. Akwai kuma na von Maydell a kan itatuwan Sahel. Sunaye suna sauyawa da gari. Abin da wani ya kira dogon yaro wani darbejiya zai ce, wani maina, wani bedi. Shi ya sa dole ka rubuta garin da ka ji sunan. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma kar ka raina shi, yana kawo sunan kimiyya a gaban itatuwa da yawa, kuma yakan nuna na wace karkara ce kalmar.

Amma duk littattafan nan ba za su cece ka a gaban mai cewa "shafa bayan ganyen" ba. Ka yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ka shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, kwali sama kwali ƙasa, ka danne da bulo. Ka riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe, in ba haka ba fumfuna ta cinye maka, musamman da damina. Sannan ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai, akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai babba a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, su gwada da nasu su ba ka lamba. Lambar nan ita za ka sa a aikinka, ba mai ja da kai. Gawo kuma kar ka je nemansa da damina, tsirara za ka same shi, sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye.

Ka turo mini jerin sunayen da aka ja wa jan biro, da jihar da kake. In akwai kalgo a ciki ka haɗo da hoton bayan ganyen, kusa sosai, da rana. Daren yau ba ni da wuta, amma gobe in Allah ya kai mu zan duba maka.