Ina Ake Ɗaga Murya, Ina Ake Sauke Ta a Turanci?

Tambaya: Malam, nahawuna na Turanci ba laifi, amma idan na yi tambaya sai a ɗauka bayani nake yi, wani lokaci ma a ce kamar ina fushi. An ce matsalar hawa da saukar murya ce. Yaya abin yake?

Amsa: Kunnenka ya riga ya saba da karin sauti, wato hawa da saukar murya, domin shi ne ke raba wuyan mutum da wuyar aiki a Hausa. Sai dai a Hausa kowace gaɓa tana da nata karin, a Turanci kuwa jimla ce ke ɗauke da shi. A kowane yankin magana gaɓa ɗaya ce tak murya ke juyawa a kanta, galibi gaɓar da ake dannawa a kalma mai muhimmanci ta ƙarshe. A "I bought a computer", muryar tana hawa kan "pu" ta gangaro, "ter" kuma ta fito ƙasa-ƙasa. Wanda ya ba kowace gaɓa ƙarfi ɗaya, shi ne ake ji kamar yana faɗa.

Murya tana sauka a bayani, da umarni, da tambayoyin da ke farawa da "what", "where", "who", "why", "when" da "how". A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, saboda sun ɗauka duk inda aka ga alamar tambaya sai an ɗaga murya. Ka ce "Where do you live?" muryarka ta faɗo kan "live". Idan ka ɗaga ta tun daga "where" har ƙarshe, ma'anar ta koma "a ina ma ka ce?", wato ba ka ji ba, a maimaita.

Tana hawa a tambayar da amsarta e ce ko a'a: "Are you ready?" Hawan yana farawa daga "rea", ba a jira sai an kai "dy". Haka ma wajen lissafo abubuwa, kowanne ya hau, na ƙarshe ya sauka, mai sauraro ya san an gama.

Ka lura da "Do you want tea or coffee?" Idan "tea" ta hau, "coffee" ta sauka, zaɓi kake bayarwa tsakanin biyu. Idan duka suka hau, tambayarka ita ce ko mutum yana son abin sha, kuma zai iya amsawa da "yes" kawai. Ita ma 'yar tambayar da ake liƙawa a ƙarshe, irin "isn't it?", in ta sauka kana neman a gaskata ka ne, in ta hau da gaske ba ka sani ba.

Akwai kari na uku, sauka sannan hawa, wanda ke nuna akwai "amma" a ɓoye. Wanda ya ce "It's nice" da wannan karin bai gamsu ba. Kada kuma ka rikice in ka ji mutanen Ostareliya ko na birnin Belfast da ke Arewacin Ireland suna ɗaga murya a ƙarshen bayani, salon yankinsu ne.

Wajen atisaye, ɗauki jimla biyar gajeru daga bakin mai karanta labarai. Ka fara rera kowacce da baki a rufe, ba kalmomi, har karin ya zauna, sannan ka sa kalmomin. Ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da murya ke juyawa, ka naɗi muryarka a waya, ka kwatanta. Manhajar Praat, wadda kyauta ce, tana zana hawa da saukar murya a allon kwamfuta, sai ka ga ko saukarka ta kai ƙasa ko ta tsaya a tsakiya, domin rabin sauka kan sa a zaci ba ka gama magana ba.