Shin mu hana Baba aikin maƙabarta?

Tambaya: Likita, mahaifina ya haura shekara 60, kuma tun yana saurayi yake haƙa kabari a maƙabartar unguwarmu. Yanzu ciwon baya ya matsa masa, mu kuma muna tsoron kada ya ɗauko wata cuta daga gawa. Shin mu hana shi aikin?

Amsa: Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ƙara masa lafiya. Gawar da kuke tsoro ita ce mafi ƙarancin haɗari a aikin nan, domin yawancin ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a jikin mamaci, kuma mai haƙa ba ya taɓa jikin gawar, sai dai likkafani. Inda ake taka-tsantsan sosai shi ne mamacin da kwalara ko zazzaɓin Lassa ko Ebola ta yi ajalinsa, kuma ko a nan masu wanka sun fi shiga haɗari, shi ya sa ake so jami'an lafiya su jagoranci jana'izar.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar kanta. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sandarar da muƙamuƙi da wuya, a cikin ƙasa take zaune, kuma ɗan yankan fasasshiyar tukunya ko tsinin itacen da ake rufe lahadi (ƙaramin ramin cikin kabari da ake kwantar da gawa) da shi ya ishe ta shiga jiki. Ku tambayi Baba yaushe aka yi masa allurar rigakafinta, domin ana so a sabunta ta duk shekara 10. Ku saya masa takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri, saboda kububuwa da kunama suna son ramukan tsofaffin kaburbura da suka rufta bayan damina.

Sai zafin rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a yankinmu, kuma dattijon da ke sara da diga a cikin rami, inda iska ba ta ratsawa, yana zubar da gumin da ke wahalar da ƙoda, musamman idan yana da hawan jini ko ciwon suga. Ya riƙa shan kofi ɗaya na ruwa duk bayan minti 20 ba tare da jiran ƙishi ba. Tun da jana'iza ba ta jira, gara a haƙa wasu kaburbura tun da sassafe a ajiye, balle a watan azumi.

Game da barin aikin kuwa, ba shekaru kaɗai muke dubawa ba. Akwai ma'aunin da masana a ƙasar Finland suka tsara a shekarun 1980, mai maki daga 7 zuwa 49, wanda ke auna lafiyar ma'aikaci da nauyin abin da aikin ke nema daga gare shi. Idan makin ya yi ƙasa, ana fara rage nauyin ne kafin a yi maganar ajiye aiki. A ganina, raba dattijo da aikin da yake neman lada da shi kan karya masa zuciya. Matasa su karɓi diga da shebur da fitar da ƙasa, shi kuma ya riƙe auna kabari, da gyaran lahadi, da nuna wuraren da ba a taɓa binnewa ba, wanda sani ne da ba kowa ke da shi ba.

Amma idan ciwon bayan yana sauka zuwa ƙafa da sanyin jiki ko kasala, ko kuma ya fara kasa riƙe fitsari, ya ajiye diga nan take ku kai shi asibiti a ranar.