Amsoshin Tambayoyinku: Ma'aunin Zafi, Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bari a Kanti

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ma'aunin zafi na zamani suke, mai nuna lamba a ɗan gilashi. Na zaɓi huɗu.

Wani mai shirya abincin biki a Kaduna ya rubuto: "Anti, a wajen dina muna raba ruwan inabi marar giya, irin su Eva da Veleta. Wasu su ce ya yi ɗumi, wasu su ce haƙoransu sun ƙage. Wani abokina ya ce a ƙasar Turawa ba a sanyaya jan inabi, da zafin ɗaki ake shansa. In sayi ma'auni?"

Saya, amma ƙarami mai tsinken ƙarfe ya ishe ka. Maganar abokinka kuwa rabinta gaskiya ce. Ɗakin da Turawan ke nufi ɗakin Faransa ne ko Ingila, inda zafi ke tsayawa wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos. Ɗakin taro a Kaduna cikin watan Afrilu, an ɗauke wuta, wani abu ne dabam. Mai kumfa ka kai shi digiri 6 zuwa 8. Jan da ba ya kumfa, 12 zuwa 14, domin zaƙinsa yana gundurar mutum idan ya yi ɗumi. Ka zuba ƙanƙara da ruwa tare a cikin baho, kwalabe su nutse har wuya na kamar rabin awa; ƙanƙara zalla ba ta rungumar kwalba. Sannan ka buɗe guda ɗaya, ka tsiyaya a kofi, ka tsoma tsinken. Jikin kwalba maƙaryaci ne, waje sanyi ƙalau, ciki kamar ruwan randar da rana ta doka. Kada ka yarda yaranka su cusa masu kumfa a firiza su manta. Kwalbar na iya fashewa, ka yi asarar kaya da kuɗin ƙanƙara.

Wata 'yar uwa mai sana'ar yogot a Zariya ta ce: "Na sayi ma'aunin nan mai kamar bindiga a hannun wani mai talla, ya ce yana auna komai. Sau uku ke nan madarata tana ƙin kamawa."

Kayya, 'yar uwa. An sayar miki da ragowar kayan Korona. Tun 2020 da aka jibgo bindigogin nan domin ƙofar banki da makarantu, da annobar ta lafa suka yi kwantai, sai 'yan talla suka sake musu suna. Don goshin mutum aka yi su, yawanci daga digiri 32 zuwa 43 suke karantawa idan suna kan awon jiki. Ko wadda aka yi domin kicin ma saman abu kaɗai take gani. Ki harba ta cikin tukunya, za ta gaya miki zafin kumfar sama da tururi. Ki harba ta a jikin tukunyar silba mai ƙyalli, sai ta ba ki lambar da ta ga dama. Can ƙasa kuwa madara na nan da zafinta, ki zuba iri, wato ɗan yogot ɗin da ake sa wa madara don ta kama, ƙwayoyin da za su kama miki madarar su mutu murus.

Abin da kike buƙata tsinken abinci ne mai dogon ƙarfe. Ki dafa madara ta kai digiri 85, ki sauke, ki riƙa juyawa har ta sauko 43, sannan ki zuba irin. Idan ta wuce 50 ƙwayoyin sun fara wahala. Na san iyayenmu Fulani da yatsa suke gwadawa, kindirmonsu kuma ya fi na kowa, amma ƙwarya ɗaya ce, hannun kuma ya yi shekara talatin yana yi. Ke bokiti guda kike haɗawa, kin kuma san nawa buhun madarar gari yake yanzu.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai zuba jarin dubban nairori a madara da sukari da robobi, sai a kan ɗan abin da zai kare jarin ya tsaya neman araha. Araha ba ta ado. Bara na shiga wani shago, na sa yaron ya fito mini da tsinke uku daga kwali ɗaya, hoto ɗaya, har da tutar wata ƙasar Turai a jiki. Na tsoma su a kofin ruwa guda. Ɗaya ya ce 27, ɗaya 31, na ukun ya yi ta kyaftawa kamar mai ciwon ido. Yaron ya ce wai batir ne. To, batir ɗin wa ya saka?

Don haka kowa ya ji: ba a sayen ma'auni sai an yi sharaɗin dawo da shi, kuma gwajinsa ba ya cin ko sisi. Ki cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, ki zuba ruwa kaɗan, ki juya, ki tsoma tsinken ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Ya kamata ya nuna sifili, ko ya kauce da digiri ɗaya. Sai gwajin tafasasshen ruwa, amma a nan a yi hattara kada a zalunci mai kaya: 100 da aka koya mana a makaranta na bakin teku ne, irin su Legas. A Kano da Zariya ruwa na tafasa wajen 98, a Jos kuwa wajen 96, saboda tudu. Ki duba kuma ƙaramin harafin da ke gefen lamba. Idan F ne ba C ba, ma'aunin Amurkawa ne, 43 ɗinki zai fito kusan 110. Yawanci akwai maɓallin da ke sauya shi. Wanda ba ya da murfin batir da za a iya buɗewa, ko aka rubuta bayaninsa da Turancin da ko mai shi ba zai gane ba, ki ajiye musu abinsu. Kan tsinken, inda lamba take, ba a tsoma shi a ruwan wanke-wanke.

Wani matashi daga Abuja yana tambaya ko ya yi odar ma'aunin da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, domin ya san lokacin da shayinsa ya yi daidai sha.

Malam, Allah ya ba ka leɓe biyu da harshe kyauta. Ka kurɓa. Kuɗin kuma ka kai wa mahaifiyarka.

Ta ƙarshe, wata mai jego a Gusau, haihuwar fari, nononta bai wadata ba, likita ya sa ta haɗa da madarar gwangwani: "Ina tsoron in ƙona masa baki, shi ya sa nake damawa da ruwan ɗumi. Ko in sayi ma'auni? Ina da na zazzaɓi."

Sannu ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Tsoronki na uwa ne, ba laifi. Sai dai ruwan ɗumin ne nake so ki bari. Garin madarar jarirai ba a rasa ƙwayar cuta a cikinsa wani lokaci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Ba sai kin sayi komai ba: ki tafasa ruwa, kada ya wuce minti 30 da saukewa, ki dama, ki rufe, ki tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan sanyi. Sai ki ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannunki. In kin ji ɗumi-ɗumi ba zafi ba, ki ba shi. Abin da ya rage bayan awa biyu ki zubar, ko da kuwa tsadar gwangwanin na yi miki ciwo. Na sani tana yi.

Na zazzaɓin kada ya kusanci madara, zai lalace. Ki adana shi don hammatar yaron. In ya nuna 38 alhali bai cika wata uku ba, ki goya shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne.